Makonni Shida Babu Kifi: Labarin Tankin Ruwan Gishiri



Yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari da ba kasafai ake jin labarinsa a ƙasar Hausa ba, wato kiwon kifin teku a cikin tankin gilashi a ɗaki, abin da ake kira akwariyam. Mu mutanen tudu ne, tsakanin Kano da bakin teku a Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota, kuma da yawanmu ba mu san kifin teku ba sai a daskare a kasuwa ko a cikin gwangwani. Duk da haka na kafa irin wannan tanki a gidana, mai cin lita 200, kuma abin da nake so in ba da labarinsa shi ne makonni shida na farko, lokacin da tankin yake cike da ruwa, injinansa suna aiki dare da rana, amma babu kifi ko ɗaya a cikinsa. A fahimtata, a waɗannan makonnin ne ake yanke wa kifin da za a kawo daga baya hukuncin rayuwa ko mutuwa, tun bai iso gidan ba.

Haɗa ruwan teku a tsakiyar tudu

Abu na farko da mai farawa zai sani shi ne, ruwan teku ya wuce a jiƙa gishirin miya a bokiti. A cikin kowane kilo ɗaya na ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri iri-iri. Wajen kashi 85 cikin 100 na wannan adadi irin gishirinmu ne na girki, sauran kuwa sinadarai ne irin su maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam da salfet, kuma halittun teku ba su rayuwa yadda ya kamata sai da su. Don haka gishirin leda na kanti ba ya yi, gishirin Bilma ba ya yi, balle kanwa. Akwai gishiri na musamman da kamfanoni ke haɗawa domin wannan aiki, kuma tanki irin nawa yana cin kimanin kilo 7 a zubin farko. Wannan dabara tsohuwa ce, domin tun a shekarar 1854 wani masanin halittu ɗan Ingila, Philip Henry Gosse, ya wallafa yadda ake haɗa ruwan teku na hannu saboda mutanen da ke nesa da gaɓa.

Shi ma ruwan da za a jiƙa gishirin a ciki yana da sharaɗi. Ruwan famfo yakan zo da sinadarin kulorin, wanda aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin cuta, kuma kamar yadda za mu gani nan gaba, wasu ƙwayoyi ne muke so mu raya. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa, ko da sun yi garau a ido, sukan ɗauko ƙarfe da wasu sinadarai daga ƙasa waɗanda ke ciyar da gansakuka. Mafita ita ce na'urar tace ruwa da ake kira RO a kasuwa, mai matse ruwa ta cikin wata siririyar fata, irin wadda wasu kamfanonin ruwan leda ke aiki da ita. Ana zuba gishirin ne a cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana motsawa, ba a zuba ruwa a kan tulin gishiri, sannan a bar famfo ya kwana yana juya shi. Washegari sai a auna. Akwai wata 'yar na'ura mai kama da guntun bututu, ana ɗiga mata ruwan a leƙa ta fuskar haske, kuma lambar da ake nema ita ce 1.025 ko 1.026, ma'ana ruwan ya fi ruwan daɗi nauyi da wannan ɗan adadi.

Dalilin wannan takatsantsan yana cikin jikin kifin ne. Gishirin da ke jinin kifin teku bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na gishirin ruwan da yake ciki ba, saboda haka kullum ruwan jikinsa yana tsiyayewa zuwa waje. Domin ya rama, sai ya yi ta shan ruwan tekun, yana fitar da rarar gishirin ta sassan numfashinsa da ke bayan kai. Aiki ne da ba ya tsayawa. Idan gishirin tanki yana hawa yana sauka, jikin kifin ne ke biyan kuɗin.

Kafin a zuba ruwa akwai maganar mazauni. Ruwan lita 200 kaɗai ya haura kilo 200, ga nauyin gilashi da duwatsu da yashi, wato fiye da buhun masara biyu a kan ƙafafu huɗu. Mai walda ne ya ƙera mini teburin ƙarfe, muka shafe shi da fenti saboda tsatsa, muka daidaita shi da ma'aunin magina, domin tankin da ya karkata yana matsa wa gefe guda har wata rana ya tsage. Na ajiye shi nesa da taga, saboda rana kai-tsaye tana ɗumama ruwa tana kuma haifar da gansakuka. Sannan na shimfiɗa farin yashin murjani, na jera busassun duwatsu masu ƙofofi kamar soso, wajen kilo 20, na kunna famfunan da ke juya ruwa. Bayan kwana biyu ƙura ta kwanta, ruwa ya yi tas kamar babu komai a cikin gilashin.

Gubar da ido ba ya gani

A nan ne jarrabawar take, ya mai karatu. Ruwa ya yi kyau, an kashe kuɗi, yara sun zura ido, komai na cewa a kawo kifi. 'Yata ƙarama kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai ta manna hancinta a gilashin ta ce, "Baba, yau ne za su zo?" Ni kuma in ce mata gidan bai gama ginuwa ba tukuna. Ita a wurinta gida ya ginu, tunda ga ruwa ga duwatsu.

Abin da ba ta gani shi ne wannan. Kifi yana cin abinci, jikinsa ya sarrafa shi, ya fitar da wani sinadari mai suna amoniya, mafi yawansa ta sassan numfashi. Ragowar abinci da kashin kifi su ma idan sun ruɓe amoniya suke zama. Mun san warinta, ita ce ke bugun hanci a tsohon makewayi, ita ce kuma ake ji a daddawar da ta nuna. A cikin teku ba ta da tasiri, domin ruwa ya yi yawa kuma akwai masu cinye ta. A cikin akwatin gilashi kuwa ba ta da wurin zuwa. Tana taruwa, ta ƙona sassan numfashin kifi, ta shiga jininsa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Sai a ga kifi yana haki a saman ruwa, ya daina cin abinci, bayan 'yan kwanaki a wayi gari ya mutu, alhali ruwan yana nan garau.

Masu kiwon tarwada a garuruwanmu sun san wannan matsala, ko da ba su kira ta da wannan suna ba, shi ya sa suke yawan zubar da ruwan tankunansu su sake sabo. Sai dai tarwada jaruma ce, tana iya shaƙar iskar sarari, tana jure ruwan da zai kashe wani kifi. Kifin da ya fito daga cikin murjani ba shi da wannan juriya, domin ya saba da ruwan da kusan ba ya canzawa. Ƙari a kan haka, ruwan teku yana da ɗan kaifi irin na kanwa, a ma'aunin pH yana wajen 8.1 zuwa 8.3, kuma duk lokacin da wannan ma'auni ya hau da lamba ɗaya, kason amoniyar da ke cikin siffarta mai guba yana ninkuwa kusan sau goma. Adadin da kifin kogi zai jure a ruwa mai pH 7, shi ne zai hallaka kifin teku. Sannan mai tarwada ruwan rijiya yake zubarwa, mu kuwa kowane bokiti da gishirin da aka yi oda daga nesa aka haɗa shi, ba zai yiwu a riƙa zubarwa kullum ba.

Ma'aikatan da ake jira

Maganin wannan guba wasu ƙananan halittu ne da ba a ganin su sai da madubin likita. Rukuni na farko yana cin amoniya ya mayar da ita wani sinadari mai suna naitirayit. Rukuni na biyu yana cin naitirayit ya mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce idan bai taru da yawa ba, kuma ana rage shi ta hanyar canza wani kaso na ruwan lokaci-lokaci. Waɗannan halittu ba yawo suke yi a cikin ruwa ba, manne wa abu suke yi: ƙofofin duwatsu, ƙwayoyin yashi, soson matata. Shi ya sa ake zaɓen dutse mai ramuka, domin ya ba su fili mai faɗi. Raya su har su yi yawan da za su iya cinye dattin kifi shi ne aikin makonnin farko.

Tarihin gano su ya burge ni, domin shi ma labarin jira ne. A shekarar 1877 wasu masana biyu a Faransa, Schloesing da Müntz, sun cika dogon bututu da yashi da farar ƙasa, suka riƙa zuba ruwan kwata ta sama suna auna abin da ke fita ta ƙasa. Kwana 20 amoniya tana fitowa yadda ta shiga. Bayan nan sai ta fara ɓacewa, naitiret ya bayyana a madadinta. Suka tambayi kansu, idan yashin ne ke wannan aiki, me ya sa bai fara tun ranar farko ba? Sai suka busa tururin kulorofom a ciki, wanda ke sumar da abu mai rai, aikin ya tsaya cak. Da suka zuba ɗan ruwan ƙasar lambu, ya dawo. Ta haka suka tabbatar cewa masu rai ne ke aikin, kuma kwana 20 ɗin lokacin hayayyafarsu ne. A wajen 1890 Sergei Winogradsky, yana aiki a birnin Zurich, ya nuna cewa rukuni biyu ne na bakteriya, kowanne da matakinsa. Binciken bai ƙare a nan ba. A shekarar 2005 aka ba da rahoton gano wata halitta mai cin amoniya wadda ba ta ma cikin dangin bakteriya, aka sa mata suna Nitrosopumilus maritimus, kuma an samo ta ne daga tsakuwar wani tankin ruwan gishiri a gidan kifaye na birnin Siyatil a Amurka. An gane cewa danginta suna cikin halittun da suka fi yawa a tekunan duniya. A 2015 kuma aka gano wasu nau'in Nitrospira da ke iya yin matakan biyu su kaɗai.

Abin da ya sa jiran yake da tsawo shi ne waɗannan halittu masu nawa ne wajen haihuwa. Akwai bakteriyar da ke rabewa biyu cikin minti 20 idan ta sami abinci, shi ya sa miya ke lalacewa a dare ɗaya. Masu cin amoniya kuwa sukan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci yini guda ko fiye, kafin su ninka, saboda ƙarfin da suke samu daga abincinsu ƙanƙane ne. Babu kuɗin da zai sa su sauri fiye da halittarsu. Abin da mutum zai iya shi ne ya ba su iri mai kyau tun farko, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a cikin sabuwar madara ta rufe ƙwarya ta bar ta ta kwana. Irin yana zuwa ne ta ɗayan hanyoyi biyu: guntun dutse daga tsohon tanki mai lafiya, ko bakteriyar kwalba da ake sayarwa. Na kwalba na samu, wani ɗan'uwa ya taho mini da ita daga Legas.

Yadda makonnin suka gudana

Iri ba ya tsiro babu abinci, saboda haka dole mai tanki ya zuba gubar da hannunsa. Wasu kan jefa ɗanyen jatan-lande guda ɗaya ya ruɓe a ciki, amma wannan yana da wari kuma ba a san adadin da yake fitarwa ba. Ni na yi amfani da ruwan amoniya na kwalba da aka yi domin wannan aiki, na ɗiga da sirinji har ma'auni ya nuna miligiram 2 a kowace lita. Ba a so a wuce haka da yawa, domin idan ta yi yawa ainun tana danne su kansu masu cin ta. Na bar fitila a kashe, tunda su ba su buƙatar haske, gansakuka ce ke buƙatarsa.

Daga nan aiki ya koma na awo. Kayan gwajin 'yan kwalabe ne da ruwan magani: a ɗebi mililita 5 na ruwan tanki, a ɗiga magani, a girgiza, a jira 'yan mintoci, a gwada launin da ke kan kati. Na sayi littafi na musamman ina rubuta kwanan wata da lambobi uku, duk bayan kwana biyu. Mako na farko babu abin da ya motsa, kwalbar amoniya kore shar take fitowa kullum. A rana ta tara koren ya fara dusashewa, kwalbar naitirayit kuma, wadda da shuɗiya ce, ta soma komawa jar garura. Ma'aikatan farko sun kama aiki. A mako na uku amoniya ta sauka ƙasa, naitirayit ya hau ya tsaya a sama, ya ƙi motsi har tsawon kwana goma sha.

Wannan shi ne wurin da haƙurin mutane da yawa ke ƙarewa. Wani maƙwabcina dattijo, mai kiwon tarwada a bayan gidansa, ya shigo ya daɗe yana kallon tankin, sannan ya ce, "Malam, wannan ai dutse kake kiwo." Na ce masa, "Baba, ai ku kuka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse." Ya yi dariya ya ce to idan romon ya nuna a kira shi. Da na nuna masa littafin da kwalaben, na bayyana masa cewa warin da yake ji a tankinsa kafin ya canza ruwa shi ne nake aunawa, sai ya zauna, muka shafe fiye da sa'a muna magana. A ƙarshe tambayarsa ita ce ko irin wannan dutse zai rage masa yawan zubar da ruwa, kuma amsar ita ce manyan gonakin kifi masu sake juya ruwansu da wannan hikima suke aiki.

A cikin wannan lokaci na ci gaba da ɗiga amoniya kaɗan duk bayan 'yan kwanaki don kada rukunin farko su rasa abinci. Ruwan ya taɓa yin fari-fari kamar an ɗiga madara na kwana biyu, sannan ya washe da kansa. A mako na biyar, cikin kwana uku kacal, naitirayit ya faɗo ƙasa, naitiret ya bayyana sosai. Masana sun nuna cewa naitirayit ba ya cutar da kifin teku kamar yadda yake cutar da na kogi, domin gishirin ruwan yana tare masa hanyar shiga jini, amma saukarsa ita ce shaidar cewa rukuni na biyu sun kafu. Sai na yi jarrabawar ƙarshe: na sake zuba amoniya har miligiram 2 a lita, na jira sa'a 24, na auna. Babu amoniya, babu naitirayit. Na maimaita bayan kwana biyu, sakamako bai canza ba. Daga nan na canza kusan rabin ruwan domin rage naitiret.

Hunturu, bazara da wutar lantarki

Littattafan da ke koyar da wannan sana'a galibi a ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda wuta ba ta ɗaukewa, don haka akwai abubuwan da mu sai mun ƙara da namu tunani. Na fara aikin ne a watan Disamba, cikin hunturu. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shan ruwa, tankina yakan rasa lita 3 zuwa 4 a yini. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri yana nan, don haka abin da ake cikawa da shi tataccen ruwan daɗi ne. Wanda ya cika da ruwan gishiri zai wayi gari tankinsa ya fi teku ɗaci. Na yi alama da biro a jikin gilashi, kullum da safe in cika zuwa alamar. Da dare kuma sanyi na sauka, ga shi ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 27, sai da na sa na'urar ɗumama ruwa mai kashe kanta. A bazara lamarin juyawa yake, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, sai an haɗa da fanka mai busa saman ruwa da sanyaya ɗakin.

Wuta kuwa ita ce ran tankin. Ruwan gishiri yana riƙe iskar shaƙa ƙasa da ruwan daɗi da wajen kashi 20 cikin 100, ruwa mai ɗumi kuma ya fi mai sanyi ƙarancinta. Su kansu masu cin amoniya da iskar suke aiki, kuma suna cin ta da yawa. Idan famfo ya tsaya na sa'o'i masu yawa, iska ta ƙare a cikin matata, aikin makonni na iya lalacewa a dare ɗaya. Wannan matsala ta girmi wutar lantarki. A shekarar 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta ɗauko murjani mai rai daga gaɓar Torquay zuwa gidanta a Landan, ta kuma raya shi shekaru, ta hanyar sa a riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga kullum domin iska ta shige shi. Ni ban da mai yi mini wannan hidima, saboda haka tun kafin in sayi gilashi na tanadi batir da inbata da ke ɗaukar famfunan, da ɗan injin iska mai aiki da batirin tocila saboda ko-ta-kwana. Shawarata ga duk mai sha'awa ita ce ya fara lissafinsa daga wuta. Idan ba zai iya ba da tabbacin motsin ruwa dare da rana ba, ya dakata tukuna.

Akwai kuma dokokin da muka kafa a gida, ni da uwargida. Ba a fesa maganin sauro a ɗakin, ba a kunna na hayaƙi, domin sinadaran da ke cikinsu suna kashe kifi ko da kaɗan ne suka sauka a ruwa. Ba a sa hannu mai sabulu ko man shafawa a ciki. Bokitin tanki daban yake, ba a wanki da shi. Soson matata kuma a cikin tsohon ruwan tanki ake ɗauraye shi, domin ruwan famfo zai kashe ma'aikatan da aka sha wahalar rayawa.

Me ya sa ba za a gwada da kifi ba?

Wani zai ce, ai da can da kifi ake fara tanki. Gaskiya ne. Tsohuwar hanya ita ce a sayi ƙananan kifaye masu juriya da araha, a jefa su a sabon ruwa, dattinsu ya zama abincin bakteriya, wanda ya rayu ya rayu, wanda ya mutu a sayi wani. Hanyar tana aiki, amma kifin ne ke shan gubar makonni da jikinsa, alhali kwalbar amoniya tana yin aikin ba tare da an wahalar da mai rai ba. Dabbar da mutum ya tsare, ya hana ta neman abinci da mafaka da kanta, haƙƙinta ya koma wuyansa gaba ɗaya. Kaza idan ta ji ƙishi za ta yi kuka, akuya za ta tsinke igiya. Kifi ba shi da murya, ba shi kuma da inda zai gudu. 'Yan kwalaben gwajin nan su ne kaɗai hanyar da za a ji kokensa.

Sannan a duba tafiyar da ya yi kafin ya iso. Mafi yawan nau'o'in kifin ado na teku har yau daga cikin teku ake kamo su, musamman a Indunusiya da Filifin. A wasu wuraren, duk da doka ta hana, masunta kan fesa gubar sayanayid a cikin ramukan murjani domin kifi ya suma a kama shi cikin sauƙi, abin da ke kashe murjanin ya kuma raunata kifin. Daga nan sai leda, sai jirgin sama, sai dillali bayan dillali, kuma wasu suna mutuwa a kowane zango. Akwai wani ɗan kifi na tsibiran Banggai a Indunusiya wanda yawan kamu ya sa aka shigar da shi jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a shekarar 2007. Kifin da ya tsallake duk wannan, bai kamata ƙarshensa ya zama mutuwa a falon mutumin da ya kasa jiran kwana 40 ba. An sami ci gaba ta fuskar ƙyanƙyasa a hannu: kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara suka san shi, an daɗe ana ƙyanƙyashe shi a gonaki, a 2016 kuma masana a Jami'ar Florida suka yi nasarar ƙyanƙyashe shuɗin abokinsa na cikin fim ɗin a karon farko. Wanda aka haifa a tanki ya saba da abincin gwangwani, ya fi juriya, kuma ba a raba teku da komai ba.

Baƙin farko

Da lambobi suka tabbata, irin wannan kifi mai ruwan lemo na yi oda, guda biyu, ƙyanƙyasar gona. Biyu kawai, domin yawan bakteriyar da ke tanki daidai yake da abincin da suka saba samu, idan aka jibga musu kifi goma a rana ɗaya amoniya za ta fi ƙarfinsu. Ana ƙara kifi ne ɗaya ko biyu, a bar makonni a tsakani, ana awo. Da suka iso na bar ledarsu tana iyo a saman ruwa na minti 20 domin zafin ya daidaita, sannan na riƙa ƙara musu ruwan tanki kaɗan-kaɗan kafin in sake su, ban kuma zuba ruwan ledar a ciki ba. Duk kifin da zai biyo bayansu sai ya yi makonni a wani ƙaramin tanki na daban ana lura da shi, saboda akwai cutar fararen ɗigo da idan ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifaye an bar shi fayau fiye da wata biyu kafin ta mutu.

Da aka fara kunna fitila, wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi. Wannan ma mataki ne da kusan kowane sabon tanki ke bi, yakan wuce da kansa cikin makonni, 'yan dodon koɗin teku kuma suna taimakawa wajen share shi. Aikin da ya rage na yau da kullum ne: ciyarwa daidai abin da za su cinye cikin minti biyu, cika ruwa zuwa alama, canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako, da awo. Irin wannan kifi yana iya haura shekara 10 a hannun mai kula, don haka alkawari ne mai tsawo.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa mai sha'awar wannan kiwo, ka tanadi wutarka kafin gilashi, ka sayi kayan gwaji kafin kifi, ka kuma yarda da abin da kwalba ta nuna maka fiye da abin da idonka ya gani. Wani tankin yakan kammala cikin makonni uku, wani sai ya kai takwas, ranar da amoniya da naitirayit suka ɓace cikin sa'a 24 ita ce ranarka. Idan yara sun matsa, ka ba su sirinji da kati su taya ka awo. Tawa 'yar yanzu ita ke riƙe da littafin, kuma ranar Asabar ba ta bari a ba kifi abinci sai an ɗiga magani an ga launi.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu.